'Yar Suma'ila

Duk wanda ya daɗe a ƙasar waje, in zai dawo Damagaram da abin nunawa yake dawowa: wani mota, wani mata, wani ko tumbi ne ya kawo a gani. Suma'ila kuwa, bayan shekarun da ya yi a Maroko yana aiki a gonakin rumfar leda, akwatin sanyi ya sauko da shi daga mota, ya rungume shi kamar jariri. 'Yan uwa suka taru a gidansu na unguwar Birni, kowa ya miƙa wuya. Da aka buɗe sai ga saiwoyi naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Ƙanwarsa Zahra'u ta leƙa ta ce, "Yaya, magani ne?"

"Farambuwaz ce."

"Ta wane ciwo?"

Sai da ya yi bayani. Shuka ce mai ƙaya, 'ya'yanta jajaye, kowane ɗaya kamar an harhaɗa ƙananan duwatsun ado wuri guda. In ka tsinka sai ya zare ya bar farin ƙullutu a jikin reshe, cikinsa rami kamar 'yar hula. Asalinta ƙasar sanyi ce, amma shi zai haɗa aure tsakanin iri da iri har ya fitar da wadda za ta jure zafin Damagaram. Jama'a suka ce Allah ya taimaka, da irin muryar da ake yi wa wanda aka fara zargin kansa ya taɓu, sannan kowa ya nemi takalminsa.

Mutum ɗaya ce ba ta leƙa akwatin ba, ita ce mahaifiyarsa Hajja, kuma saboda ita aka ɗauko shi. Suma'ila ɗan fari ne, Hajja kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tunda aka yaye shi aka kai shi wurin gwaggonsa a Durum. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai "wancan". In yana zaune a gabanta, Zahra'u take kallo ta ce, "Ce masa ya ci abinci," alhali tsakaninta da shi bai fi tsawon tabarma ba. Duk abin da ya taɓa kawo mata, tun daga kyautar sabulu da ya ci a lakwal, wato makarantar boko, har turaren Maroko, amsar ɗaya ce: "Ajiye can." Ya san al'ada ce, kowa ya sani. Amma sanin bai hana abin ci masa rai ba. Ga furfura ta fara sauka a gemunsa, shi kuwa abu ɗaya yake so a duniya: ya kawo wani abu da ya fito daga hannunsa, wanda babu irinsa a ko'ina, Hajja ta sa a baki ta ce da daɗi. Iyakar burin ke nan, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba, don gemu ba ya barin mutum ya faɗi irin wannan.

A garin Dogo mahaifinsu ya bar musu garka a bakin fadama, can ya kai saiwoyin ya dasa a inuwar mangwaro. Maƙwabtansa masu rake da kabeji suka samu abin kallo kyauta. Idan shukar ta yi fure, sai ka ga ƙaton mutum ya durƙusa da matsefata yana cire mazan furen ɗaya ɗaya, ya ɗebo garin furen wata da gashin zabo ya shafa, sannan ya rufe da 'yar jakar takarda don kada ƙudan zuma su yi masa shisshigi a auren. Ƙwayar da ta fito kuma ba ta tsira sai ta sha sanyi wata da watanni, don haka firigon gidansa ya cika da kwanonin jiƙaƙƙen yashi, iyalinsa suka koma ruwan randa. Ranar da aka ɗauke wuta, wato kusan kullum, sai ya hau moto, wato babur, ya bi gari neman ƙanƙara kamar mai maras lafiya a gida.

Ya shuka ɗaruruwa. Sanyi ya raine su, bazara ta zo ta kwashe. Waɗanda suka tsira ya sake haɗa su aure, bazara ta sake zuwa ta karɓi rabonta. Haka aka yi ta yi har yaran da aka haifa shekarar dawowarsa suka shiga lakwal. Wata ta jure zafi amma ba ta haihuwa. Wata ta haihu amma 'ya'yan farare fat, ba ɗanɗano. Wata kuma tun a reshe take narkewa.

Sai ga wata guda a ƙarshen layi, kusa da rijiya, ta ƙetare bazara da ganyenta kore. Da sanyi ya shigo ta yi fure, ta zuba 'ya'ya jajaye wur, manya kamar kan babban yatsa. Ƙayarta kaɗan ce. Zaƙinta na zuwa da farko, ɗan tsami ya biyo baya, ƙamshin kuma ya daɗe a baki. Aibinta ɗaya, wanda duk danginta suke da shi: ba ta kwana. In an tsinka da safe, a ci kafin la'asar.

Turawan da ya yi aiki da su sunan mace suke sa wa sabon iri, shi ma ya ƙudura zai sa mata sunan Hajja na yanka. Ya faɗa wa Zahra'u, ba tare da ya ambaci sunan ba, don shi ma bakinsa bai taɓa ɗaukarsa ba. Zahra'u ta dafe ƙirji.

"Yaya, lafiyarka? So kake a kasuwar Dole a riƙa kiran sunan Hajja ana taya ta? Wani ƙato ya ɗanɗana ya ce ta yi tsami?"

Ya ga gaskiyarta, ya janye. Yana cikin neman wani sunan mutanen Dogo suka hutar da shi, suka raɗa mata 'Yar Suma'ila, sunan ya bi mota ya shigo gari. Ka ga aikin jama'a. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera abu don mace ɗaya, aka tashi aka sa masa sunan da macen nan kaɗai ce a Damagaram ba za ta iya faɗa ba.

Nunan fari bai ɗanɗana wa kowa ba. Ya shimfiɗa ganye a ɗan kwano, ya jera su, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya taho a moto a hankali yana kauce wa kowane rami. Ya tarar da Hajja a tsakar gida da baƙi mata biyu. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya tura kwanon gabanta.

"Hajja, ga abin garkar nan ya nuna."

Ba ta dubi kwanon ba. Ta ce, "Ajiye can," ta ci gaba da hirarta.

A zaure ya tare Zahra'u. "Ki gaya mata yau ake ci. Ba ya kwana, kin ji? Yau."

Washegari ya tambaya. Zahra'u ta ce da baƙin suka tafi Hajja ta ɗauki kwanon ta shiga ɗaki ta saki labule, daga baya ta miƙo shi a wanke. Ta ci? Ba ta gani ba. Ta ce wani abu? Ta ce a zuba wa awaki ruwa.

Duk lokacin sanyin nan haka ya yi ta kawowa, kowace Juma'a, kwano yana shiga ɗaki yana fitowa wayam. A gari kuwa 'Yar Suma'ila ta yi suna. Likitoci da manyan ma'aikata suna aike Dogo, waɗanda suka yi masa addu'ar taɓuwa suka ce su dama sun ga alama tun ranar akwati. Duk wannan bai shiga kansa ba. Ya fara zargin ko awakin ne suke cinyewa, har ya kai in ya shiga gidan sai ya saci kallon bakinsu.

Bazarar da ta biyo baya ba ta zo da wasa ba. Rijiyar garkar ta ja baya har injin ban-ruwa ya riƙa zuƙo laka. Ya sayi ruwa a amalanke, ya kafa rumfar zana, ya lulluɓe gindin da ciyawa. 'Ya'yan gindin da ya raba daga saiwarta, kamar yadda ake raba ayaba, su suka fara tafiya. Uwar ta daure har hadari ya fara haɗuwa a gabas, sannan ita ma ta bushe. Ya tona saiwar ya karya, ta karye ƙaras. Bai ajiye ƙwaya ko ɗaya ba, don a saninsa ƙwayar irin da aka haɗa aure ba ta fitowa kamar uwa, kowace da halinta take zuwa. Saiwa ya dogara da ita, saiwa kuma ta mutu.

Da hantsi ya shiga gidan Birni, ƙurar garka a ƙafarsa. Hajja tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake, Zahra'u na gefe. Ya gaishe ta ya zauna a ƙasa.

"Hajja, abin nan ya mutu. Duka."

Ta ce, "Allah ya mayar da alheri," ba ta ɗaga kai ba.

Nan ne abin da ya danne tun yana yaro ya taso masa. Ya ce, "Hajja, don ke na yi. Shekarun nan duka don ke ne. Ko ɗanɗanawa ba a ce kin yi ba."

Zahra'u ta sunkuyar da kai, don ba a taɓa irin wannan magana a gidan ba. Hajja ta ci gaba da tsintar wakenta har ya fid da rai. Can ta ture faifan ta ce, "Zahra'u, sauke jeren nan ki ɗauko mini kwallar ƙasa."

Zahra'u ta shiga ta yi ta sauke kwanoni, ta fito da babbar kwalla tana nishi. Hajja ta buɗe da kanta. Ƙamshin tsohon turare ya bugo. Ga kwalaben Maroko ba a fasa ko ɗaya ba. Ga mayafin da ya aiko shekarar farko, da ninkinsa na kanti. Ga sabulun lakwal, ya tsattsage ya yi fari. A kansu kuma ga ƙulle-ƙullen tsumma, kowace Juma'a da nata. Ta kwance ɗaya. 'Ya'yan sun ƙanƙance sun yi baƙi-baƙi kamar kauɗar tumatir.

Ta dubi Zahra'u ta ce, "An ce ba ya kwana. Abin da ba ya kwana ai shanya shi ake yi. A saman jere na baza, inda ido ba ya kaiwa."

Suma'ila ya ce, "Hajja, ci ake yi. Ɗanye ake ci."

"Ce masa in na ci ai ya ƙare."

Ya ɗauki ɗaya ya murza a tafin hannunsa, ƙwayoyin suka zubo ƙanana kamar riɗi, lafiyarsu lau. Ya san abin da ke gabansa: yashi, firigo, ƙanƙara, ɗaruruwan tsiro, bazara bayan bazara, kuma cikinsu babu wadda za ta zama 'Yar Suma'ila sak. Dariya ta kama shi, hawaye suka riga ta fitowa, ya goge da hannun riga.

"Hajja, don Allah ko ɗaya ki sa a baki. Ko a haka."

Ta zaɓi mafi ƙanƙanta, ta juya fuska wajen bango ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata, shi kuwa ya zuba wa ƙeyarta ido. Ta haɗiye, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Da tsami."

Zahra'u ta toshe baki da mayafi. Suma'ila ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu zai tattara ƙulle-ƙullen ya kai Dogo. Hajja ta janye kwallar zuwa jikinta da saurin da ba a san tana da shi ba. Ta ɗauki wanda aka riga aka kwance ta ajiye a tabarma, ta mayar da murfi ta danne da gwiwar hannu.

"Ce masa ya ɗauki wannan ya shuka," in ji ta. "Sauran nawa ne, ni aka kawo wa."