Layukan Bappa Jibrilla

Shekarar da ciwon huhu ya shiga shanun ƙasar Gassol, Hambali malamin dabbobi aka ɗora wa aikin gano ta inda cutar take bi. Ya zaga rugage a kan babur, ya dawo Jalingo da jadawali shafi-shafi: sunan mai garke, inda yake shayarwa, kasuwar da yake ci, shanun da suka kamu. Ya zuba wa takardun ido har idon ya yi ja, bai ga komai ba sai jerin sunaye.

Lokacin ofishinsu bai daɗe da samun kwamfuta ba, guda ɗaya tal, kullum a lulluɓe da zane don kada ta sha iska. A cikinta akwai manhajar da ke mayar da jadawali hoto. Kowane garke ya zama ɗigo, wanda ya kamu ɗigonsa ya yi baƙi. Saura abin da zai haɗa ɗigo da ɗigo. Ya gwada kasuwa, hoton ya fito a hargitse. Ya gwada mashaya, duk ɗaya. Sai ya gwada gurbin ƙarshe na jadawalin, wanda ya ƙara da kansa don ya san al'adar gidansu: haɓɓanaye, wato saniyar da Bafulatani ke ba aboki aro, ta zauna a garkensa har ta haihu, ya riƙe maruƙan ya mayar da uwar da godiya.

Nan take hoton ya zauna daram, kuma da bai zauna ba da ya fi masa. Ɗigo ɗaya ne a tsakiya, layuka sun fita daga jikinsa ta ko'ina kamar wayoyin ƙafar keke, kusan kowane layi ya ƙare a baƙin ɗigo. Na tsakiyan nan Bappa Jibrilla ne, ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Bappa ba shi da sarauta, ba shi da gidan kwano. Abin da ya tara a duniya shi ne duk wanda shanunsa suka ƙare ya san ƙofar da zai nufa. Cutar ta bi sawun alherin nan gida-gida, tsohon bai sani ba.

Oga Solomon, shugaban sashen, ya leƙo ta kafaɗarsa ya tafa hannu. "Yawwa! Wannan hoto shi za mu kai mitin na garin Mutum Biyu. Rahoto ba wanda yana karantawa."

"Oga, na tsakiyan nan bappana ne."

"Ayya, sannu. To cire suna mana. Amma dole su gani, in ba haka ba shanu zai ƙare."

Gaskiya Oga ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo. Hambali ya goge sunaye kaf, ya buga hoton, ya lallashi zuciyarsa cewa ya rufa wa tsohon asiri. Kaico, boko kan sa mutum ya manta mutanensa! Wai don ardo bai iya karatu ba sai a ce bai san wanda ya ba shi saniya ba?

A wurin taron ko bayani bai gama ba ardoɗi suka matso kusa da allo. Wani ya ɗora yatsa a kan wani baƙin ɗigo mai layi biyu, ya ce wannan shi ne, ga saniyar da ya karɓa, ga wadda ya ba surukinsa. Ya bi layin farko da yatsa har tsakiya, ya tsaya. Ba wanda ya ambaci suna, ba kuma wanda ya waiwayi inda Bappa yake zaune, rashin waiwayen nan ya fi zagi. Hambali ya yi ta roƙo a bar kowace saniya inda take, don korarta shi ne ƙara yaɗa cutar. Suka ce to, irin to ɗin da Bafulatani ke yi in ya riga ya yanke shawara.

Kafin kasuwa ta zagayo shanun Bappa suka fara dawowa. Mayar da haɓɓanaye ba ta haihu ba yanke zumunci ne, kowa ya sani, don haka masu riƙonsu ba su iya zuwa da kansu ba, sai dai su aiko. Hambali yana rugar Bappa ranar da aka koro wadda ke wurin Ardo Aƙilu, aminin Bappa tun suna yara a bayan shanu. Bappa ya kira ta da sunanta, ya shafa wuyanta, ya kwance igiyar ya naɗe ta tsaf ya miƙa wa ɗan aiken.

"Ka ce masa useko, na gode. Igiyar tasa ce."

Hambali ya durƙusa, hawaye ya ci ƙarfinsa. "Bappa, na cire sunanka, wallahi na cire."

"Na gani, ɓingel am, ɗana. Aikinka ka yi." Ya dubi saniyar. "Ban taɓa sanin sun kai haka yawa ba sai da ka zana."

Da ya koma Jalingo sai da ya gyara jadawalin, tunda shanun sun sauya wuri. Ya bi gurbin haɓɓanaye yana gogewa, ya ce wa manhajar ta sake zane. Ita kuwa ɗigon da ba shi da layi ba ta barin sa a tsakiya. Hambali ya neme shi ya rasa, sai can ya hango shi a kusurwar allo, ƙasa, shi kaɗai.