Ƙofar Ɗakin Fenti

Ni kafinta ne, ban iya rarrashi ba. Shagon da nake koyarwa na wata ƙungiya ne. Mu ƙera kujeru da tebura mu sayar, da abin da aka samu a koya wa yaran da suka fito daga gidan gyaran hali sana'a. Cikinsu akwai wanda muke kira Siriri. Wallahi hannun yaron na da kyau, in ya goge katako har ka ji kamar kada a sayar. Matsalarsa ɗaya ce, ƙofa. In ya tarar da ita a rufe sai ya toge, hannu a baya, yana jira a buɗe masa. A can inda ya fito, duk yaron da ya taɓa ƙofa da kansa a ɗakin horo yake kwana.

"Kai Siriri, uban wa zai buɗe maka? Tura mana!"

"To, Baba."

Yara su yi ta tsokanarsa, wai babban mutum ne yana jiran direba. Saboda zafi ƙofofin shagonmu a buɗe suke wuni, don haka zancen ya bi iska.

Da sharaɗi aka sake shi: in ya gama koyo ya samu aiki ya riƙe, in ya rasa aikin ya koma ya ƙarasa wa'adinsa. Na yi ta sintiri wurin wani mai kamfanin kayan ɗaki har ya yarda ya gwada shi. Ran da zai fara, mahaifiyarsa ta rako shi bakin shago yana sanye da farar riga da ta sha guga, tana ta sa mini albarka.

Da yamma mai kamfanin ya kira ni. "Yaronka ya gudu tun safe. Dama na faɗa maka! Na riga na kira jami'in da ke kula da shi."

Na isa na tarar da jami'in a tsaye. Na tambayi wanda ya ga yaron a ƙarshe. Shugaban ma'aikata ya sosa ƙeya, ya ce shi ya sa shi jera gwangwanaye a ɗakin fenti, ya ja ƙofar don ƙura, sai aiki ya ɗauke masa hankali.

Na ruga na tura ƙofar, ko sakata babu a jikinta. Warin fenti ya buge ni har na yi baya. Siriri na zaune a ƙasa ya jingina da bango, idanu jajur, ya yi amai a farar rigar. Gwangwanayen kuwa ga su a jere tsaf.

Na jawo shi waje. "Don Allah me ya hana ka fita?"

"Ba a ce in fito ba, Baba."

Mai kamfanin ya ce shi kam ba zai ajiye wanda zai mutu masa a ɗaki ba, mu tafi da kayanmu. Jami'in ya yarda yaron bai gudu ba, amma ai aiki ya tafi. Na ce ya dawo shagona. Ya ce shagona makaranta ce, ba aiki ba, sai abin da alƙali ya ce, kafin nan a gidan gyaran hali yaron zai kwana. Na yi masifa har muryata ta dushe. Ya ce, "Malam, ba ni na kafa dokar ba."

Raina ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai. Su suka koya masa tsayuwar nan da horo, yau kuma ita ce ta mayar musu da shi.

A bakin motar jami'in Siriri ya toge, hannu a baya. Jami'in ya buɗe masa. Kafin ya shiga ya juyo ya dube ni.

"Baba, ka ce wa Inna ta yi haƙuri. Zan wanke rigar."