Bayan Idon Illi

Shekarar da kamfanin ma'adinai ya sallami ma'aikata, 'yan tawaye kuma suka tare hanyar Agadez, Dinatu 'yar Maradi tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Arlit. Wata safiya aka kawo Illi, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, wanda ya shekara talatin yana kai hatsi zangon makiyayan Dannet. Fari ya cinye awakinsa, ya dawo gari wurin ɗiyarsa.

"Idona na hagu ne," in ji Illi. "Jiya ina alwala duhu ya sauko masa kamar an saki labule. Kafin in idar da salla ya washe."

Likita Luka ya auna jininsa, ya girgiza kai. Ya sa aka rufe taga, ya leƙa idon da 'yar fitilarsa, ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Dinatu.

Shekara shida tana wanke miki tana yin allura, ba ta taɓa ganin cikin ido ba. Da farko ja kawai ta gani. Can sai ga wani ɗan faifai mai haske, jijiyoyi sun fito daga tsakiyarsa sun yi rassa.

"Nan ake ganin hanyoyin jinin mutum ba tare da an tsaga shi ba," in ji likita. "Dubi yadda nasa suka sirance, suna ƙyalli kamar waya. Tsufa ke taurara su, hawan jini ya ƙara. Jinin ne ya ɗan kasa wucewa, shi ne duhun da ya gani."

"Za su koma yadda suke?" in ji tsohon.

"A'a, Baba. Amma in ka sha magani, ka rage gishiri, za mu tsare abin da ya rage."

Illi ya ce, "To ni ma a nuna mini. Ina so in ga na mai ƙuruciya."

Dinatu ta zauna a kujerarsa. Likita ya riƙe wa Illi hannu, ya saita masa fitilar a idonsa na dama don ya leƙa cikin na Dinatu. Sau uku cikin idon yana ɓace masa. A na huɗu sai ya daina motsi.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ya faɗa a hankali. "'Yata, ga wata jijiya nan tana harbawa. Kina jin ta?"

"Ba na ji, Baba."

Haske ya sa idonta yana zubar da ruwa, amma ta daure ba ta kau da kai ba har ya gama kallo. Daga ranar, kowace Litinin sai ya tako da ƙafa ta auna masa jini.