Birin Gide Bahago Ne

Gide mai wasa da biri ne, kuma duk abincin gidansa a kan Gambo yake, wani jan biri da ya tsinto yana jariri a duwatsun Faskari. Gambo ya iya gaisuwa, ya iya tafiyar tsohuwa, ya iya kwaikwayon ɗan acaɓa. Aibinsa ɗaya: duk abin da aka miƙa masa, da hagu yake karɓa.

Ran kasuwar Yankara wani Alhaji mai hatsi ya miƙa masa dabino. Gambo ya ɗago hagu. Alhajin ya janye hannu.

"Kai Gide, ni za ka sa dabba ta wulaƙanta? Ko a gidanku haka ake karɓa?"

"Alhaji, a yi haƙuri, halittarsa ce."

"Halittar me? Rashin tarbiyya dai!"

Aka fashe da dariya. Daga ranar manya suka daina tsayawa. Sai matasa, su miƙa gyaɗa su janye, suna ihun "Bahago!"

Gide ya yi masa abin da ake yi wa yaro bahago a garinsu: ya ɗaure hagun a baya. Gambo ya tsinke tsumman, sai Gide ya sa robar tayar babur, ya ja sosai.

Matarsa Suwaibatu ta ce, "Maigida, yaro in ɗauri ya matse shi zai faɗa. Wannan fa, da wane baki?"

"Kwana nawa ne? Zai koya."

Gambo ya fara ci da dama, rabin tsabar na zubewa, kamar hannun aro ne. Gide yana kallo yana tambayar kansa: wanda bai san ladabi ba, ta yaya zai yi rashin ladabi? Duk da haka bai kwance robar ba.

Wari ne ya sa ya kwance. Yatsun sun yi baƙi ƙirin. Wani wanzami a Ketare ya duba, ya girgiza kai, ya yanke daga gwiwar hannu.

Da ciwon ya warke suka koma Yankara. Alhajin ya gan su, ya ciro dabino.

"Karɓa da dama, Gambo," in ji Gide a hankali.

Hannun dama yana nan lafiya lau, a rataye. Gambo ya ɗago dungun hagu. Dabinon ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, Gambo kuwa bai sauke dungun ba, yana jira a ba shi.