Noti Biyar da Hular Garbai

Garbai ya wanke fuska da hannaye, ya ture hularsa baya zai yi shafar kai, sai ya tsaya da ruwa a tafinsa. Tafin ne ya tsayar da shi. Shekara talatin ke nan yana gyaran mota, kuma duk ranar da ya ɗaure taya, sifana takan bar masa jan layi a tsakiyar hannu, wanda ba ya ɓacewa sai bayan la'asar. Da ƙafa yake kwance noti, amma da hannu yake ɗaurewa, domin hannu ne ke jin inda noti ya tsaya. Yau da hantsi ya sauya tayar baya ta hagu a motar wani direba, Manasseh, ga shi kuma hannun fes, ba layi, ba zogi.

Ya waiwaya ya dubi ginshiƙin rumfar. Ƙusar da yake rataye sifanar taya in ya gama aiki, ba komai a jikinta. Sifanar tana ƙasa, gefen tsohuwar tayar, daidai inda ya yar da ita bayan ya kwance.

Duk direban da ke Jimeta ya san hular Garbai. In ya kwance notocin taya, a cikin hular yake zuba su, kada yashi ya shiga bakinsu. Ba ya mayar da ita kansa sai ya murɗa su da yatsa, ya sauke jak, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana, wannan da na gabansa, har ƙarfe ya yi ƙara. Saboda haka direbobi ba sa tambayarsa ko an gama. Kansa suke kallo. In da hula, sai su tayar da mota.

Yau kuwa, yana gama murɗa noti na biyar da yatsa, Modibbo Hayatu ya tsaya a bakin rumfar da sandarsa. Tsohon malamin ya taso tun daga Yola domin ya duba jikin Aisa, matar Garbai. Ba a gaida Modibbo da kai a buɗe. Hular tana nan ba komai a ciki, sai hannu ya ɗauka ya ɗora ba tare da ya yi shawara da zuciya ba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a, Garbai ya raka shi har ƙofar gida. Da ya dawo, motar tana ƙasa, an ajiye masa jak ɗinsa a gefe, Manasseh yana ɗaga masa hannu ta taga. Shi ma ya ɗaga masa.

Motar a-kori-kura ce, kuma ba buhuna ta ɗauka ba. Matan zumunta ne na cocin su Manasseh, su goma sha ɗaya, za su taro a Song. A gaba, kusa da direba, akwai Keturah matar Manasseh, da cikinta na wata bakwai.

Ladan ya soma kiran azahar. Garbai ya ajiye butar, ya ɗauki sifanar ya ɗaure ta a bayan kekensa da tsumma.

"Malam Garbai, ba wannan ce hanyar masallaci ba," in ji mai faci na rumfar kusa.

Garbai ya haye keken. Abu guda ya rage masa: jirgin fito. Duk motar da za ta arewa sai ta jira shi ya haye da ita Binuwai, kuma a watan Agusta, da kogi ya cika ya batse, wani lokaci akan yi rabin yini ana jira. Ya taka keken ta bayan kasuwa, ta cikin taɓon ruwan daren jiya, yana lissafin da bai so ya yi ba. Daga rumfarsa zuwa bakin kogi kwalta ce, noti zai iya haƙuri. Daga tsallake kuwa jar ƙasa ce mai gargada, irin wadda ke kwance abin da aka ɗaure da ƙarfi, balle wanda yatsa kawai ya taɓa.

Ya taɓa ganin motar da tayarta ta cire sau ɗaya, a hanyar Biu, tun kafin a ba ƙasa mulkin kai. Ba aikinsa ba ne, wucewa kawai yake yi. Abin da bai manta ba shi ne tayar, wadda ta yi gaba ita kaɗai, ta je ta kwanta a gonar dawa lafiya lau, ko ƙwarzane babu a jikinta.

Da ya sauko gangaren mashigi, jirgin ya riga ya kai tsakiyar ruwa. Ya hango babbar motar soja, ya hango a-kori-kurar a bayanta, da fararen kallabin matan jere kamar balbelu. Har waƙarsu iska ta kawo masa. Ya ɗaga sifanar sama yana kaɗawa. Wata daga cikinsu ta ɗago hannu ta mayar masa da gaisuwa.

Ɗanburam mai kwalekwale yana zaune a gindin wani kurna yana gyaran koma.

"Tashi ka haye da ni," in ji Garbai.

"Kai da keken? Baba makaniki, ka dubi ruwan nan kuwa? Jira jirgi ya dawo, awa biyu ne."

"Ba ni da awa biyu."

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu tukuna."

Ɗanburam ya dubi fuskarsa, ya dubi sifanar, ya naɗe komarsa ya tura kwalekwalen cikin ruwa.

Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace da tarin ciyawa. Dole suka fara yin sama ta gefen gaɓa kafin su yanka, domin kada igiyar ruwa ta kai su ƙasa da mashigi. Garbai ya durƙusa a tsakiya ya rungume keken, yana kallon jirgin ya isa, yana kallon an saukar da katako, motar soja ta fita, a-kori-kurar ta biyo ta, ta hau gangare ta shige cikin itatuwa.

A nan ne wata murya ta soma yi masa magana a ƙasan zuciya, kuma muryarsa ce. Ba kai ka sauke jak ɗin ba. Manasseh ne ya sauke da hannunsa, bai tambaye ka ba. In wani abu ya faru, za a ce hanya ce, za a ce lodi ne, za a ce ajali. Ba wanda ya ga hannunka. Ya saurari muryar har ta gama, ya ga ba ƙarya ta faɗa ba ko ɗaya, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Shi ne ya koya wa garin nan ya daina tambaya. Shekara da shekaru yana jin daɗin yadda ake kallon kansa a maimakon a kalli taya.

"Riƙe da kyau," in ji Ɗanburam. "In ka faɗa, keken zan ceto, shi ne sabo."

A tsallake Garbai ya hau hanya. Sawun tayoyin yana nan a jar laka, sabo. Ya bi na hagu da ido. Mil na farko layin a miƙe yake. A na biyu ya fara ganin ɗan lanƙwasa, kamar sawun maciji mai tafiya a hankali. Ƙirjinsa yana zafi, gwiwoyinsa suna tuna masa shekarunsa hamsin da bakwai, amma bai sassauta ba.

Wani abu ya yi ƙyalli a gefen sawun. Ya sauka ya ɗauka. Noti ne, da sauran maikon da shi da kansa ya shafa masa da safe. Ya goge shi a riga ya jefa a aljihu. Saura huɗu.

Bai yi rabin mil ba ya tsinci na biyu.

Daga nan ya daina kallon nesa. Duk kwanar da ya sha, sai ya sunkuyar da kai, ya saurara tukuna kafin ya ɗago. Wasu mata masu tallar nono suka ratse masa, suna kallon dattijo da gemu fari yana tuƙa keke kamar an biyo shi. Ya so ya tambaye su ko mota ta wuce lafiya, amma ba numfashin da zai kashe a kan tambaya.

Kafin Girei akwai wani rafi da ke haye hanya ta kan daɓen siminti. Yana hawa tudun da ke gabansa ya ji waƙa. Motoci biyu ne a tsaye, ruwan daren jiya ya rufe daɓen, ana jira ya janye. Matan sun sauko sun zauna a inuwar tsamiya, ɗaya tana buga bakin tulu da tafi, sauran suna amsawa. Amma ruwan ya riga ya sauka zuwa ƙwauri, motar sojan ta shiga, Manasseh kuma yana tafa hannu.

"Ku hau, ku hau, ruwa ya ba da hanya."

Garbai ya gangaro bai taka birki ba sai da ya zo gaban motar. Ya sauka ya dafa bonet.

"Baba? Lafiya? Jikin Mama ne?"

Garbai ya girgiza kai. Ya zagaya baya ya durƙusa. Tayar ta ɗan kwanta ciki. Notoci uku ne suka rage, biyu sun zo bakin zare, na ukun ya taɓa shi da ɗan yatsa sai ya juya. Ya ciro biyun daga aljihu ya buɗe tafinsa.

Manasseh ya dube su, ya dubi tayar. Sannan ya dubi hanyar da ke bayan rafin, inda take miƙewa ta gangara, inda kowane direba ke sake wa mota wuta.

"Na ji yana kaɗawa," ya ce a hankali. "Na ce gargada ne."

Matan sun matso. Keturah ta tsaya a gaba, hannunta ɗaya a ƙugu.

"Mene ne kuma? Motar ya lalace?"

Manasseh ya yi sauri ya shiga tsakaninsu da tayar. "Ba komai. Baba ya manta wani ƙarfensa a mota, shi ya zo karɓa. Ku koma inuwa."

Kyauta ce yaron ya miƙo masa, Garbai ya gane. Da zai karɓa, da gobe ba abin da zai sauya a Jimeta. Ya miƙe tsaye da kyar.

"Ba haka ba ne," ya ce. "Ban ɗaure tayar nan ba. Da yatsa na murɗa, baƙo ya zo, na sa hula na manta. Da kun haye rafin nan, ban san inda za ta kai ku ba. Ku yafe mini."

Mai tulun ta sauke shi ƙasa. Keturah ta kalli notocin da ke tafinsa, hannunta ya bar ƙugu ya koma kan cikinta.

"Ni na sauke jak," in ji Manasseh. "Na ga hula a kanka."

"Na sani."

"A keke ka zo, Baba?" in ji Keturah. "Tun daga Jimeta?"

"Ɗanburam ya taimaka da ruwan."

Ta juya ta ce wa wata ta kawo masa ruwan sha. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Manasseh ya fito da jak ɗin motar. Garbai ya cire hularsa, ya kwance ukun da suka rage ya zuba su ciki tare da biyun. Ya duba zaren kowace ƙusa da farce. Biyu sun ɗan ci, amma za su riƙe. Ya daidaita tayar, ya murɗa da yatsa, ya sa aka sauke, sannan ya kama sifana. Na sama, na ƙasa, na hagu, na dama, na ƙarshe. Ya sake zagayawa. Matan goma sha ɗaya suna tsaye suna kallon hannunsa, ba wadda ta kalli kansa.

Da ya gama, jan layin ya fito a tafinsa. Manasseh ya sunkuya ya ɗauko hular zai miƙa masa. Garbai bai karɓa ba, sai ya miƙa masa sifanar.

"Bi su."

"Haba Baba. Bayan hannunka?"

"Bayan hannuna. Yau da kullum. Ka faɗa wa sauran a tasha, ni na ce."

Manasseh ya karɓa yana jin nauyi. Ya ɗora a na farko ya ja, bai motsa ba. Na biyu ma haka, da na uku. A na huɗu ya sa ƙarfinsa na ɗan shekara talatin, sai notin ya yi ɗan ƙara ya ƙara juyawa, kamar faɗin yatsa. Ya tsaya cak, bai ɗago kai ba.

"Na gani," in ji Garbai. "Saura ɗaya."

Motar ta shiga ruwan a hankali ta fita, ta kama gangaren. Ya tsaya yana kallon tayar hagu har ta ɓace. Ba a ci gaba da waƙar ba, ko kuwa nisa ne ya hana shi ji.

Inuwar tsamiyar ta soma tsawo, azahar tana gab da fita. Ya naɗe hular ya tura a aljihun da notocin suka fito, ya gangara bakin rafin, ya faro alwalar daga farko.