Matar da ta ɗanɗana ƙasar dajin Lyon

Sau biyu Rékia tana karanta wa uwarta shafin godiya na littafin digirin yayanta a ɗakinsu na Montreuil. An gode wa farfesa. An gode wa mai tsaron littattafai. Har direban motar bincike an gode masa.

Inna Hassia ta ce, "Duba da kyau, ko ya tura ni can ƙasa."

"Inna, abin da yaya Muntaka ya sa ke nan: da taimakon wata manomiya."

Wata manomiya! Ita da ta haife shi a Madawa. Ita da ta yi rani biyu tana bin shi cikin dazuzzukan bayan Lyon, gwiwa na ciwo, shi yana riƙe da takarda kamar makaho. Ya san sunan kowane icce da bakin Nasara, amma bai san dalilin da ya sa wannan ya tsaya nan, wancan ya ƙi ba. Ita ce ke duƙawa ta murje ƙasa, ta ɗora a harshe. A gida ma haka take gane wurin sabara da wurin gawo. Ita ta ce masa iccen maro ba ya zama sai inda ƙasa ke da tsami. Gajeren nan mai warin fitsarin mage, bwi, farin dutse yake bi. Mai baƙin ɓawo kuwa, in ƙafarsa ba ta cikin ruwa, ba ka ganin shi. Ya kai ƙasar aka auna, haka nan ta fito. Da wannan ya zama dokta.

Washegari ta ƙulle littafin cikin zane, Rékia ta sa ta a jirgin ƙasa mai zuwa Lyon.

Muntaka ya tarbe ta a ƙofar ma'aikatarsu da fara'a. "Inna, kin zo a daidai! Tsutsa ta cinye bwi kaf a kan tudun nan. An ba ni aikin gano abin da zai tsiro a gurbinsa. Gobe mu hau?"

"Je ka nemi wata manomiya."

Fara'ar ta ɓace. Ta kwance zanen, ta dangwara masa littafin a ƙirji.

"Kai, kunya kake ji a ce uwarka na lasar ƙasa?"

"Wallahi ba haka ba ne. Inna, tun da aka haife ni kin taɓa jin sunanki a bakina? Yaya zan rubuta shi kowa ya riƙa kira? Ke ma ai ba ki faɗin nawa."

"Kai ɗan fari ne, ni ba littafi na rubuta ba! Ciyawar da akuya ba ta ci ka ba ta suna biyu. Kunya ta hana ka Hassia, amma ba ta hana ka ɗaukar abin da ke kaina ba?"

Wata Baturiya ta leƙo ta taga. Inna Hassia ta ƙara ɗaga murya, don ta ji.

Ya zaro biro, ya soke kalmomin nan biyu, ya yi rubutu a sama.

"Karanta. Ni ban iya ba."

Ya sunkuyar da kai. "Hassia Ilya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta zata za ta ji sanyi. Sai ta ji kamar an cire mata ɗankwali a kasuwa.

"Sauran littattafan fa? Waɗanda ke wurin Nasara?"

"An riga an ajiye su, Inna. Ba a taɓa su."

Ta karɓi littafin ta mayar cikin zane. Guda ɗaya ke nan a duniya mai sunanta, shi ma ba ta iya gane inda yake a shafin.

"Gobe fa?" in ji shi.

"Na gaba da za ka rubuta, Rékia za ta karanta mini kafin a buga. In na ji kaina a ciki, sai in hau tudun. Kafin nan, ka lasa da kanka."