Gidajen Rezan Malam Sale

Kowa a Takur ya san Malam Sale da tara gidajen reza, irin na ƙarfen nan na da, waɗanda ake murɗe ƙafarsu a ɗora reza a yi gyaran fuska. Abin ya samo asali daga mahaifinsa, wanzami a Jahun. Lokacin da gidan reza ya shigo gari, masu zuwa aski suka watse masa, kowa na kankare gemunsa a gida. Wanda ya yanki kansa kuwa sai ya dawo da fushi, ya jefar da abin a gaban tabarma. Tsoho ya dinga tsincewa yana zubawa a adaka. Sale ya gaji adakar, ya ɗora daga nan, har ya yi ritaya daga koyarwa yana tarawa.

Ɗayyabu, mai sayar da tsofaffin kaya a kasuwar Jahun, shi ke nemo masa. A da kusan kyauta yake ba shi. Sai wata shekara dillalai daga Kano suka fara zagaya ƙauyuka, wai Turawa na neman irinsu ta waya. Farashi ya yi tashin gwauron zabo. Wata ranar kasuwa Ɗayyabu ya warware ƙyalle, ya nuna masa wani mai ruwan tagulla, haƙoransa reras kamar matsefi. Da ya faɗi kuɗin, Sale ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Malam, wallahi haka ake sayensa yanzu. Gobe ma ya fi haka."

"To ka sayar musu, Ɗayyabu. Ni ba gudu zan yi ba. Na ga tashin riɗi, na ga saukarsa."

Ya dawo gida hannu sake. Matarsa Hajiya Munira ta ce, tunda abu ya yi daraja, me zai hana ya rage na adakar? Ya zauna ya ware masu kama da juna ya miƙa wa dillalai, ya gyara rufin ɗakinta kafin damina. Sauran ko taɓa su bai bari an yi ba.

Ɗayyabu kuwa ya riƙe nasa, har ya ƙara sayen wasu, yana jiran farashi ya ninka. Kafin kaka sai jabu suka cika kasuwa, sababbi da aka shafa wa tsufa. Masu saye suka tsorata, dillalai suka ɗauke ƙafa.

Sale ya tarar da shi ya yi tagumi a kan faranti cike da ƙarafa.

"Malam, ka zo yi mini dariya?"

"Ciniki na zo yi. Ina mai tagullar nan?"

Ɗayyabu ya ce ya ba da ko nawa ne. Sale ya ƙi. Ya taya da daraja, ba irin ta dillalai ba, ba kuma ta wulaƙanci ba, ya haɗa da wasu biyu. Sannan ya ja benci ya zauna, suka shiga ware na gaske da jabu, yana ɗaga kowanne yana auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ce sauran a shafa musu man keke a adana, masu so na gaskiya ba sa ƙarewa.

Da za su rabu Ɗayyabu ya rage murya. "Akwai wani dattijo a Kiyawa, tsohon direban tirela. An ce gidan rezarsa har da akwatinsa."

Sale ya tsayar da mai adaidaita, ya waiwayo. "Jibi da safe ka shirya. Ka sayo goro mai kyau, gaisuwa za mu fara yi."